Ranar da Malam Ya Datse Wayar Ƙanensa

Ta yaya mutumin da bai taɓa ɗaga mani murya ba cikin shekara arba'in da ɗoriya ya iya yin shekara shida bai taka gidan ƙanensa ba, uwa ɗaya uba ɗaya, alhali tsakanin gidanmu da nasa lungu uku ne kacal? Na tambayi liman. Na tambayi ƙanwarsu da ke aure a Safana. Na tambayi kaina a kan abin salla har hawaye ya jiƙa mani mayafi. Yau kwana hamsin ke nan ina cikin takaba, ban samu amsa ba, wanda zai ba ni ita kuma ya tafi.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyata ta tsakiya, wadda ke koyarwa a firamare, ita ke riƙe da biro ina faɗa mata. Na ce kada ta sa sunansa. Ban kira shi da suna yana raye ba, ba zan fara yanzu yana kabari ba. Malam nake ce mashi, ko da yake shi kullum cewa yake malantarsa ba ta wuce ta waya da filaya ba. Aikinsa ke nan, haɗa wutar lantarki a gidaje da shaguna, daga nan Batsari har Safana da ƙauyukan da layi ya kai.

Kwana ukun zaman makoki gidan nan bai ɗauki mutane ba. Tabarmi har bakin masallaci. An gaya mani masu niƙa na kasuwa sun kashe injinansu ba su tada ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Matan ƙauyukan Ruma, waɗanda suka taɓa gudowa suka zauna a makarantar firamare lokacin da mutanen daji suka kore su, sun zo ayari guda. Ɗaya ta ce mani, "Inna, shi ne ya zo da tsaninsa ya sa mana ƙwan fitila mai sola a hanyar bayan gida, ba wanda ya aike shi. Da muka yi godiya sai ya ce mu daina, kunya muke ba shi." Ni ban ma san ya yi ba. Na dai tuna wata rana batirin da muke ajiye da shi a ɗaki ya ɓace, na tambaya ya ce ya tafi aiki.

Mai shayin bakin tasha ya tsaya daga zaure yana yi mani gaisuwa. Ya ce, "Inna, yanzu wa zai riƙa zagina a kan waya?"

Na ce, "Kai dai ji tsoron Allah, Malam ba ya zagi."

Ya ce, "To kallon nan nasa fa? Wallahi gara zagi."

Mata suka yi dariya cikin kuka, ni ma na yi.

Wata tsohuwa Kirista daga wajen Babban Duhu ta zo a bayan ɗan acaɓa, da kaza a hammata da wake a ƙullin zane. Ta zauna kusa da ni ta kama hannuna, ta ce, "Yanzu ni da ke mun zama ɗaya." Zan faɗi ko wace ce.

Ƙanen Malam kuwa yana bakin ƙofa kwana ukun nan, kansa a ƙasa, shi ke karɓar gaisuwa. Na san ana ƙus-ƙus. Wasu na cewa ji wanda bai gaida ɗan'uwansa yana raye ba, yau shi ne a gaba. Ba su san abin da ya faru ba, farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa nake so a rubuta, don jikokina kada su ji rabi a bakin gari.

Ni 'yar Wagini ce, can aka ɗauko ni. Lokacin Malam manomi ne kawai, da rani yana ɗan dako a kasuwa. Da aka zo kafa falwayoyi a kan hanyar garin nan sai ya shiga cikin masu haƙa ramuka. A nan wani ma'aikacin wuta ya ga hankalinsa ya jawo shi jiki. Mijin tsohuwar nan ke nan da ta kawo mani kaza. Shi ya koya mashi komai, yadda ake feɗe waya, yadda ake taɓa ƙarfe da bayan hannu kafin a kama. In lokacin salla ya yi shi ke cewa Malam, "Sauka ka je, ni zan tsare kayan." Malam kuma ran Lahadi ba ya nemansa.

Wata rana da hantsi aka kashe layi daga ofis don su gyara wata waya da iska ta tsinka. Mutumin ya hau falwaya, Malam na ƙasa riƙe da tsani. Can cikin unguwa wani gida ana suna, suka gaji da jiran wuta, suka tada janareta suka soka wayarsa a bangon ɗaki. Malam ya ce shi dai ya ji ƙarar inji ta tashi daga nesa, sai ya ji tsanin ya girgiza a hannunsa. Shi ya hau ya sauko da gawarsa bayan an kashe injin.

Ya dawo gida ya zauna a gindin darbejiya. Kwana huɗu ina kai tuwo ina ɗaukewa yadda na kai. A na biyar ya kira ni ya ce, "Zauna in gaya maki, ke 'yar Wagini, don ki riƙa gaya wa mata." Haka yake kirana in muna mu biyu.

Ya ce, "In aka ɗauke wuta kika tada inji kika soka shi a bango, ke a ganinki ƙwan ɗakinki kika kunna. Ita wuta ba ta san katangar gida ba. Wayar da ta saba shigowa ta cikinta, ta nan za ta fita, ta hau falwaya, ta shiga taransifoma, can ta ƙara ƙarfi ta bi layi. Wanda ke sama ya san an kashe, sai ya kama da hannu biyu."

Na ce, "To masu sunan sun sani?"

Ya ce, "Ba su sani ba. Har yanzu tuwon sunansu suke ci."

Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka. Duk wanda zai haɗa wa inji a gida ko a shago, sai an sa canjoba. Wani akwatin ƙarfe ne mai hannu kamar ƙotar wuƙa. Ka ɗaga sama, wutar gwamnati ce ke shiga. Ka sauke ƙasa, ta inji ce. Ba yadda za a yi su gamu. Yakan ce, "Ba a ɗaure bijimi biyu a turke guda." Mutanenmu kuwa abin da suka saba shi ne waya mai kai biyu, a soka ɗaya a inji ɗaya a bango, sai a zare fiyus na gida don a raba da layi. In an tuna. Kowa zai ce mashi, "Haba Malam, ai ina zarewa." Shi kuma ya ce, "Kai kana mantuwa, canjoba ba ta yi."

Ya sha tafiya Safana a kan tsohon mashin ɗinsa ya dawo da jakarsa bai buɗe ba, don mai gida ya ce ba ya son ƙarin kaya. Nakan ce, "Malam, ko miyar yau ba mu haɗa ba." Ya ce, "A yi ta kuka, 'yar Wagini, kuka ba ta taɓa kashe kowa ba." Kowace kaka kuma sai ya ɗora dami biyu na gero a bayan mashin ya nufi Babban Duhu wajen matar marigayin. Da hanya ta lalace saboda mutanen daji ya koma aikawa ta hannun masu zuwa kasuwa. Bai taɓa fashi ba.

Yana da wani hali da ke ba ni dariya. In muna zaune tsakar gida da la'asar sai ya karkata kai ya ce, "Wancan na mai shayi ne, filogi yake so." Jim kaɗan, "Wannan na mai walda ne, an zuba mashi gurɓataccen mai." Injin garin nan duk ya san muryarsu kamar yadda Bafulatani ya san kukan shanunsa. Mu kuwa gidanmu ba inji. In na yi ƙorafi ya ce ya ji ƙararsu a waje ta ishe shi. Tastarsa, wannan ɗan sukundireba mai ƙwai a ciki, a naɗin hularsa take zama. Sau biyu ina wanke hula da ita.

Shekarun baya da sola ta yawaita, babban ɗanmu ya zo daga Katsina da wata takarda ta ƙa'idojin haɗa ƙananan injina da sola da layin gwamnati. Ya zauna yana karantawa yana mayar wa ubansa da Hausa. Wai sai an sanar da ofis kafin a haɗa, sai wanda ya san aiki ya zo ya duba, kuma dole na'urar ta zama mai yanke kanta da zarar an ɗauke wuta, don kada ta tura wa masu gyara. Malam ya saurara har ƙarshe yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Sake karanta wurin yanke kai ɗin nan." Aka sake. Ya ce, "Madalla. Sun rubuta da Turanci, wataƙila yanzu a ji. Ni da Hausa na faɗa shekara talatin." Ya karɓi takardar da ba ya iya karantawa ya ninke ya sa a jakar aiki.

To, ƙanensa. Lokacin da aka kawo ni gidansu shi bai isa aure ba. Ƙanen miji abokin wasa ne, kowa ya sani, amma namu wasan ya wuce na kowa. Ba ya shigowa sai ya ce, "Ina matata? Ki rabu da tsohon nan ki dawo wajen mai jini a jika." Ni kuma in ce, "Ka fara sayen takalmi ƙafa biyu iri ɗaya tukuna." In na yi dambu shi ke fara sa hannu. Malam na gefe yana murmushi. Malam ne ya yi mashi aure, Malam ne ya raɗa wa 'ya'yansa suna. Da ya buɗe shagon ƙanƙara da ruwan sanyi a jikin gidansa, Malam ne ya ja mashi waya kyauta.

Da ya sayi inji sai bai faɗa ba. Ya san abin da za a ce. Ya sami wani ya yi mashi waya mai kai biyu. Amma ina, kunnen Malam. Rana ɗaya ya karkata kai ya ce, "Akwai baƙo a unguwar nan." Ya bi ƙara har shagon ƙanensa.

Sau biyu ya yi mashi magana a ɓoye, su biyu. Sau biyu yana cewa, "Yaya, bayan kasuwa zan sa." Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci.

Sai bikin ɗiyar ƙanen ya zo. Dangin ango sun cika gida daga Safana, an kafa rumfa, an kawo lasifika. Ni ina cikin mata muna tuƙin tuwo. Da azahar aka ɗauke wuta, nan da nan inji ya tashi, kiɗa ya dawo, mata suka yi guɗa. Malam yana cikin rumfa da babbar rigarsa. Waɗanda ke wurin sun ce ya tashi ya je jikin mita ya duba, ya ga fiyus na nan daram ba a zare ba. Cikin hidima an manta. Bai nemi kowa ba. Ya je ya kashe injin, ya zare fiyus, ya zaro filaya daga aljihun babbar riga, don ko biki ba ya zuwa ba ita, ya datse wayar nan gida uku ya zube a gaban rumfa.

Kiɗa ya mutu a tsakiyar waƙa. Na fito da muciya a hannu.

Ƙanen ya zo yana huci. Ya ce, "Yaya, a gaban surukaina?"

Malam ya ce, "Ka san ko akwai mutum a sama yanzu?"

"Babu kowa a sama!"

"Ka duba?"

"Kai gwamnati ce? Albashi suke ba ka?" Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma zuciya ta riga ta hau. Ya ce, "Mutumin nan da ya mutu, mu muka kashe shi? Ba kai ke riƙe da tsani ba?"

Ban taɓa ganin fuskar Malam haka ba. Bai yi fushi ba, tsufa ya yi a tsaye. Ya mayar da filaya aljihu a hankali. Ya ce, "Wallahi ƙafata ba ta ƙara taka gidan ga sai ranar da ka sa canjoba."

Ƙanen ya ce, "To ka yi ta zama."

Ƙanƙara ta narke, aka sha zoɓo da ɗumi, dangin ango suka tafi da labari Safana. Washegari ƙanen ya sa aka yi mashi sabuwar waya mai kai biyu. Na san don a ce ya yi ne.

Ni a nan ba zan ɓoye ba, na ga laifin Malam. Na ce, "Da ka kashe ka zare ai ya isa. Datsewar ta mece ce, a gaban baƙi?" Ya ce, "Hannuna ne ya riga ni." Na ce to ya je ya faɗa mashi haka. Ya ce, "Ya sa canjoba tukuna."

Liman ya kira su. Ya ce gaba tsakanin Musulmi ba ta wuce kwana uku, balle 'yan'uwa, rantsuwa kuma ana yi mata kaffara. Sai suka samo dabara, su biyun, don jininsu ɗaya. In sun gamu a masallaci Malam ya ce salamu alaikum, ƙanen ya amsa, kowa ya ɗauki takalminsa. Wai sun fita haƙƙi. Shekara shida ba abin da ya shiga tsakaninsu sai wannan. Da Salla 'ya'yan ƙanen su zo gaida mu, namu su je can. Ni da matarsa muna aika wa juna tuwo. Amma shi bai ƙara leƙo zauren nan ya ce ina matata ba. In ya hango ni a hanya sai ya sake lungu. Dambu ma na rage yi.

Abin da ke ci mani rai shi ne na san Malam na sauraronsa. In injin ya yi tari sai in ga ya daina tauna. Wata rana ya ce, kamar da bango yake magana, "Ya kamata a canza mashi baƙin mai." Na ce, "In aika a faɗa?" Ya ce, "Wa ya ce da ke nake?"

Ana nan sai iskar farkon damina ta kwantar da falwayoyi a kan hanya, can wajen da ma'aikata ke tsoron zuwa saboda mutanen daji. Wuta ta tafi. Wata ɗaya, wata biyar, shekara, har aka daina tambaya. Mata suka koma ɗaure awaki a gindin falwaya, kabewa ta hau wayar da ke riƙe da ita. Mutane suka ce layi ya mutu. Masu zare fiyus da can suka daina, tun da a ganinsu ba abin da za a raba. Malam yana bi shago shago da sandarsa, don lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, yana cewa, "Waya ba ta mutuwa, barci take yi." Suna ce mashi to Baba, in ya wuce su ci gaba.

Da damina ta biyu ta kama ya kwanta. An kai shi asibiti an dawo, aka ce zuciya ce, a ci gaba da magani. Numfashi sai da ƙyar. Na matsar da gadonsa kusa da taga don iska. Ƙanen ya ji, ya aiko da matarsa da kankana. Shi bai zo ba. Na ce wa Malam, "Ka bari in kira shi." Ya juya fuska bango. Na fita na yi kukana a madafa. Tsorona ɗaya ne, kada a ɗauki ɗayansu a makara ɗayan na bin baya da magana a ciki.

Ranar da abin zai faru an kwana ana ruwa, da safe aka ɗauke. Na ba shi koko ya sha cokali uku. Ɗiyata ta tafi makaranta, babban ɗanmu yana Katsina. Wajen hantsi maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana murna. Ta ce, "Albishirinku! Motar masu wuta ta zo, an ce sun tada falwayoyin hanya, yanzu ga su can bakin taransifoma da tsani."

Malam ya buɗe ido. Ya ce, "Tada ni." Na jingina shi da filo. Ya ce, "Yi shiru." Ya karkata kai wajen taga. Leɓɓansa na motsi. "Mai shayi, ni na sa mashi. Mai walda, ni na sa. Na kemis, sola ce mai yanke kanta." Sai ya tsaya. Ni ma na ji shi, can ƙasa-ƙasa, lungu uku.

Ya yunƙura zai sauko da ƙafa, ƙafar ta ƙi. Na ɗauko waya, ba sabis tun ruwan jiya. Na ce bari in roƙi maƙwabciya ta aika wani. Ya ce, "Ba zai ji ba, zai ce ni na turo a ci mashi fuska. Ke kaɗai yake jin kunya. Ki je ki ce ya kashe, ya zare fiyus. Akwai mutane a sama."

Tunda ya kwanta ban taɓa barinsa shi kaɗai ba. Na ce da maƙwabciya ta shigo ta zauna, na ja mayafi.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Lungu duk taɓo. Da na ɓullo titinsu na hango motar can ƙarshe, mutum biyu na kafa tsani, ɗaya yana ɗaura igiya a ƙugu. Ƙanen yana cikin shago yana jera ledojin ruwa a firiza. Ya ɗago ya gan ni, leda ta faɗi daga hannunsa.

Ya ce, "Matar Yaya? Ya rasu?"

Na ce, "Bai rasu ba. Kashe injin ga. Dubi can."

Ya leƙa ya ga mutumin ya sa ƙafa a matakin farko. Ya tsallake bokiti ya kashe injin, ya fizge wayar daga bango, ya je jikin mita ya zare fiyus. Sannan ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu yana ihu, "Ku dakata! Ku bari a zagaya unguwa tukuna! Duk mai inji ya kashe!" Mutumin ya sauko da ƙafarsa. Aka bazu gida gida. Ashe ban da nasa akwai wasu biyu a bayan kasuwa da kunnen Malam bai kai ba.

Ya dawo ya tsaya gabana da fiyus a hannu, bai san inda zai sa ido ba. Na dube shi da kyau, rabon da in gan shi kusa shekara shida. Na ce, "Kai, ƙanen miji, haka ka tsufa? Furfurarka ta fi ta yayanka. Da na biyo ka da na yi asara."

Sai ya fashe da kuka kamar yaro, a gaban masu sayen ruwa.

A nan na yi ƙarya, kuma ina so a rubuta ta. Na ce, "Ya ce in ka kashe ka zo, yana nemanka." Malam bai faɗi haka ba. Ni na ƙara. Allah Ya yafe mani, amma da za a mayar da ni wurin da na sake.

Muka taho yana gaba ina baya. A bakin ɗaki ya tuɓe takalmi ya yi sallama, ya durƙusa gaban gado. Ni na tsaya jikin ƙofa.

Ya ce, "Yaya, na kashe."

Malam ya ce, "Na ji lokacin da ya mutu. Fiyus fa?"

Ya buɗe hannu ya sa mashi a tafinsa. Malam ya juya shi ya duba kamar yadda yake duba kayan aiki. Ya ce, "Wa ya naɗa maka wannan wayar a ciki? Ta yi kauri."

"Ni na naɗa."

"Ya nuna."

Suka yi dariya su biyu, ta Malam ta koma tari. Da ya lafa ƙanen ya ce, "Matarka ta ce kana nemana."

Malam ya ɗago ido ya dube ni. Na sunkuyar da kai, na ce yau asirina ya tonu. Ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da ido ga ƙanensa ya ce, "To ka zo. Zauna a nan."

Ƙanen ya ce, "Yaya, maganar tsanin nan da na faɗa..."

Malam ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ni ke riƙe da shi. Wayarka kuma da na datse gaban baƙi, ban kyauta ba. Jawo jakar can." Aka jawo. Ya ce, "Kai za ka riƙe ta. Yau kafin la'asar ka sa canjoba, ka kira mai walda ya nuna maka, ya ga yadda nake yi."

Na janye ƙofa na bar su. Na zauna a kan turmi ina jin muryoyinsu, suna maganar gonar ubansu, da wata jaka mai cizo da suka taɓa yi suna yara. Da aka kira azahar na ji muryar ƙanen ta canza, yana laƙƙana mashi kalmar shahada. Na shiga da gudu. Malam yana amsawa a hankali, kansa a cinyar ɗan'uwansa. Na kama ƙafarsa. Bai ƙara cewa komai ba bayan shahada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iyakar wahalarsa ke nan.

Bai taka gidan ƙanensa ba har ya koma ga Allah. Rantsuwarsa na nan yadda ya yi ta. Canjoba kuwa an sa ta washegarin sadakar uku.

Mata masu zuwa gaisuwa suna tambayata, "Inna, wace wasiyya ya bar maki?" Ƙanensa ya samu jaka, ya samu hira ta rabin wuni. Ni, bayan shekara arba'in da ɗoriya, maganarsa ta ƙarshe gare ni a bakin ƙofa ce, lokacin da na ja mayafi zan ruga ƙafa ba takalmi. Da numfashin da bai ishe shi ba ya kira ni, na waiwayo.

Ya ce, "Ke 'yar Wagini, sa takalminki na roba. An yi ruwa, ƙasa a jiƙe take."